Binne Gawa ko Ƙona Ta: Abin da Ikilisiya Ke Koyarwa



Nuwamba wata ne da Uwarmu Ikilisiya ta keɓe domin tunawa da matattu. Ran 2 ga wata mukan miƙa Hadaya Mai Tsarki saboda waɗanda suka riga mu, mu kuma ziyarci kaburburansu. Saboda haka ya dace mu amsa wasu tambayoyi biyu da ke damun jama'ar Allah. Ta farko ita ce: 'ya'yanmu da dama suna zaune a Ingila da Amurka, inda ƙona gawa ya zama ruwan dare. In ɗayansu ya rasu, kuɗin dawo da shi ta jirgin sama yakan fi ƙarfin iyali, sai a ba su shawara su yarda a ƙone gawar, a aiko musu da tokar. Shin yarda da haka zunubi ne? Ta biyu ta fi ciwo: waɗanda gobara, ko haɗarin tankar mai, ko tarzoma ta cinye jikinsu, har ba a sami abin sa wa a kabari ba, za su tashi a ranar ƙarshe?

Bari mu fara da al'adar da muka gāda. Tun fil azal mutanen Allah binne matattunsu suke yi. Ibrahim ya sayi kogon Makfela a kan shekel 400 na azurfa domin ya binne matarsa Saratu. Isra'ilawa sun ɗauko ƙasusuwan Yusufu daga Masar, suka binne su a Shekem. Tobit ya sa ransa cikin haɗari yana binne gawawwakin da aka yar a Nineba. Fiye da duka, Ubangijinmu Yesu kansa binne shi aka yi: Yusufu mutumin Arimatiya da Nikodimu suka naɗe shi da likkafani da kayan ƙanshi, suka kwantar da shi a sabon kabari. Ko a Roma, inda arna da yawa ke ƙona matattunsu, Kiristocin farko sun haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa suna kwantar da 'yan'uwansu, suna kiran makabarta wurin barci.

Me ya sa haka? Domin jikin mai bi ba tsumma ba ne da za a tuɓe a yar. An wanke shi da ruwan Baftisma, an shafe shi da mai tsarkakakke, an ciyar da shi da Jiki da Jinin Kristi, ya zama haikalin Ruhu Mai Tsarki. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 15, Manzo Bulus ya kwatanta binnewa da shuka. Wannan ba baƙon zance ba ne gare mu manoma: wanda ya zuba dawa a rami bai zubar da ita ba, yana jiran damina ne. Kabari wa'azi ne ba tare da magana ba.

To, yaya batun ƙonawa? A ƙarni na 19 wasu masu gāba da addini a Turai suka riƙa yaɗa ƙona gawa don su nuna cewa babu tashin matattu. Shi ya sa a 1886, zamanin Paparoma Leo na 13, Ikilisiya ta hana shi, Dokokin Ikilisiya na 1917 kuma suka hana jana'izar coci ga wanda ya zaɓe shi. Da dalilan mutane suka sauya, suka koma na tsada da ƙarancin fili da kiwon lafiya, sai aka sassauta a 1963, zamanin Paparoma Bulus na 6. Doka ta 1176 cikin Dokokin 1983 ta tsaya a kan haka: Ikilisiya ta fi son binnewa ƙwarai, amma ba ta hana ƙonawa ba, sai in an zaɓe shi ne don musun bangaskiya. 'Yan'uwanmu na Otodoks har yanzu ba su amince da shi ba, yawancin ikilisiyoyin Furotesta kuwa sun bar wa iyali zaɓi.

Dalilin sassaucin shi ne amsar tambaya ta biyu: wuta ba ta da iko ta hana Allah ta da nasa. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yanzu, masu tsanani suka ƙone gawawwakin shahidai, suka zuba tokarsu a kogin Ron, suna cewa bari su ga yadda za su tashi. Ran 3 ga Yuni, 1886, aka ƙone Waliyyi Charles Lwanga da abokansa da rai a Namugongo ta Uganda. Wa zai ce waɗannan tsarkaka ba su da rabo cikin tashin matattu? Abin da ƙasa ke yi wa jiki cikin shekaru, shi wuta ke yi cikin sa'o'i. Ƙarshen duka biyun ƙura ne, kamar yadda Laraba ta Toka ke tuna mana. Wanda ya yi mu daga babu, ba zai kāsa tattara mu daga toka ba. Ke uwa da ba ki ga gawar ɗanki ba, share hawayenki: bai ɓace wa Allah ba.

Sai dai toka ba shara ba ce, ba kuwa kayan ado ba. A 2016, da amincewar Paparoma Francis, aka fitar da umarni cewa a girmama tokar kamar yadda ake girmama gawa. A ajiye ta a wuri mai tsarki, wato makabarta ko wurin da bishop ya keɓe. Kada a watsa ta a iska, ko a kogi, ko a gona. Kada a mai da ita abin wuya ko zobe. Kada a ajiye ta a ɗaki sai da izini na musamman. A 2023 an ƙara bayani cewa hukumar Ikilisiya na iya barin iyali su ajiye ɗan kaɗan a wani wuri mai muhimmanci ga rayuwar mamacin. Saboda haka iyalin da wannan hali ya same su kada su ɓuya don kunya. Su zo wurin Fada, a yi Hadayar jana'iza, a binne tokar a makabartar coci, a rubuta sunan mamacin, domin jama'a su riƙa yi masa addu'a.

Mu da muke binnewa kuma, kada mu yi fahariya. Sau nawa muke barin gawa watanni a ɗakin ajiyar gawa muna jiran shagali, a ci bashi, a sayar da gona, a bar gwauruwa da marayu hannu wofi? Sau nawa makabartunmu ke cika da ciyawa, awaki na kiwo a kan iyayenmu? Maƙwabtanmu Musulmi sukan yi wa mamaci sutura ba jinkiri, ba almubazzaranci. Akwai abin koyo a nan. Binne matattu aikin jinƙai ne, ba gasar arziki ba.

A cikin wannan wata, bari kowace ƙungiya ta coci ta fito a share makabarta, kowane gida kuma ya ba da sunayen matattunsa a yi musu Hadaya. Allah Uba, wanda ya ta da Ɗansa daga kabari, ya ji ƙan dukan waɗanda suka yi barci cikin bangaskiya, na cikin ƙasa da na cikin ruwa da waɗanda wuta ta ci, ya kuma tara mu tare da su a ranar tashi. Amin.