Algus Ya Ci Auduga, Kada Ya Ci Ilimi

Ranar 11 ga Oktoba, 2023 aka sanar da naɗa Dokta Aminu Maida shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC. Ɗan jihar Katsina ne, ɗan marigayi Malam Wada Maida, tsohon shugaban kamfanin dillancin labarai na NAN, shi ya sa murnar ta iso har wajenmu. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi an yi ta tura hotonsa a waya ana cewa namu ya samu. Murna da ɗan uwa ba laifi ba ce. Abin damuwar shi ne da ƙyar za ka sami wanda ya tambayi aikin da mutumin ya yi kafin a kira shi kan kujerar. Mun ga kujera, mun ga mota, shi ke nan. Wannan hali nake so mu zauna mu duba, iyaye da malamai da matasa, domin ya fara zame mana ciwo.

Ga abin da ba mu tambaya ba. Ya karanta injiniyanci a Imperial College da ke Landan, ya gama a 2002, ya wuce Jami'ar Bath ya yi digirin dokta a fannin lantarki, ya kammala a 2006. Cikin wuraren da ya yi aiki a Ingila akwai wani ƙaramin kamfani a garin Swindon mai suna Ubiquisys. Sana'ar kamfanin ita ce ƙera 'yar ƙaramar tashar waya da ake ajiyewa a cikin gida ko ofis, a jona ta da intanet, ta ba wayoyin gidan sabis inda ƙarfen sabis na waje ya kasa ratsa bango.

Abin kamar mai sauƙi, amma akwai ƙulli a ciki. 'Yar tashar nan da babban ƙarfen da ke waje sau da yawa a zango ɗaya suke aiki. In ta yi ƙarfi da yawa, sai ta danne wayar mai wucewa a titi da ta maƙwabci, kiransu ya yanke. In ta yi rauni, ɗakin ƙurya ba zai samu ba. Kuma ba zai yiwu a tura injiniya gida-gida yana saita dubban na'urori da hannu ba. Dole na'urar ta saurari abin da ke kewaye da ita, ta karɓi rahoto daga wayoyin da ke kusa, ta auna, sannan ta daidaita ƙarfinta da kanta, ta kuma sake daidaitawa duk lokacin da yanayi ya canja. A kan irin wannan matsala sunan Aminu Wada Maida ya shiga takardun mallakar ƙirƙira, tare da abokan aikinsa. A 2013 kamfanin Cisco ya sayi Ubiquisys a kan dala miliyan 310, kuma ba gini ko fili ya saya ba, ilimin da ke cikin kawunan ma'aikatan da cikin takardun nan ya saya. Daga baya Maida ya dawo gida, ya kai ga zama babban darakta mai kula da fasaha a NIBSS, cibiyar da kuɗin ɗan kasuwar hatsi na Ɗandume ke bi ta kanta idan ya tura wa abokin ciniki daga wani banki zuwa wani.

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira? Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana dabararsa dalla-dalla, yadda duk masani a fannin zai iya karantawa ya maimaita. Ita kuma za ta hana kowa cin kasuwa da dabarar ba da izininsa ba har shekara 20. A Amurka da Ingila, kafin a ba ka, sai mai bincike ya tono abin da aka taɓa rubutawa a fannin, ya nemi inda wani ya riga ka. In ya samu, ya dawo maka da takardarka. Abin kan ɗauki shekaru ana kai-komo. Mai binciken bai san mahaifinka ba, bai san jiharku ba, ba ya karɓar goro.

Na san abin da wani matashi a Bakori zai ce: "Malam, ai shi ɗan gata ne, Landan aka kai shi." Gaskiya ne, ya sami damar da ɗan manomi bai samu ba, kuma duk wanda ya musanta wannan ya yi son kai. Amma 'ya'yan gata nawa aka kai Landan suka dawo da tufafi da sabon salon magana kawai? Gata yana biyan kuɗin makaranta, ba ya zama ya yi maka lissafi. Kuma ba ina wanke shi a kan kujerar da yake kai ba ne. Wanda ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da hukumarsa ta amince da shi a Janairun 2025 ya ƙona wa rai, yana da haƙƙin tambaya, haka wanda sabis ke yanke masa kullum a ƙauye. Wannan hisabi ne daban. Maganata a kan shekarun da ya yi yana aikin da ba mai tafa masa ne.

Mu a wannan yanki bai kamata a koya mana darajar tantancewa ba, don mun taɓa rayuwa a kanta. Auduga ce ta gina Funtuwa. Ita ta kawo injinan gurza na kamfanin BCGA nan da Malumfashi, tana cikin manyan kayan da jirgin ƙasa na layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ke ɗauka, dominta aka kafa gonar iri a Daudawa. Dattawa suna tuna yadda kasuwar auduga take. Manomi zai kawo kayansa, malamin tantancewa ya zura hannu har ƙasan buhu, ya fito da ita ya duba a rana. Fara tas, lamba ɗaya. Mai datti ko ganye, lamba biyu, kuɗinta ƙasa. Mai jiƙa ko ƙasa a ciki, a koma gida da ita. Saboda haka tun a gida mata da yara ke zama su tsince ta kafin a ɗaura wa jaki. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, tantancewar ta yi rauni. Iri ya cakuɗe. Aka fara yayyafa ruwa don ta yi nauyi, aka zuba yashi, aka riƙa cusa ta a buhunan leda waɗanda zarensu ke shiga cikin audugar ya ƙi karɓar rini a masaƙa. Mai algus ya ci ribar kwana ɗaya, audugar yankin gaba ɗaya ta yi asarar suna, har mai gaskiya ya shiga ciki. Ba algus kaɗai ya durƙusar da harkar ba; akwai rashin wutar lantarki, da fasa-ƙwaurin atamfa, da rufewar masaƙun Kaduna da Kano. Amma wannan ɓangaren da hannunmu muka yi shi.

To abin da muka yi wa auduga shi muke yi wa ilimin fasaha yau. Je ka layin masu gyaran waya ranar kasuwa ka tsaya. Dattijo ya kawo wayarsa ba ta ɗaukar caji. Yaron shago bai ɗora mata mita ba, bai buɗe ya duba ba, sai ya ce, "Baba, batir ne." Aka canja. Kasuwa ta zagayo, dattijo ya dawo da wayar yadda take. "Baba, ƙasan caji ne." Aka canja. A karo na uku sai yaron ya juya ta a hannu ya ce injin ya ƙone, sai dai a sayi wata. Mitar tana nan a kan teburin, ƙura ta rufe ta. Yaron ba mugu ba ne. Wata uku ya yi a wajen maigidansa, shi ma maigidan wata shida ya yi a wajen nasa, kuma allon shagon an rubuta masa Injiniya. A da, mai gyaran rediyo ko makanikin injin gurza sai ya yi shekaru yana miƙa wa maigida sifana kafin a yaye shi, kuma ranar yayen mutanen sana'ar ne ke shaida cewa ya iya.

Leƙa shagunan kwamfuta da ke kusa da manyan makarantu. Ɗalibin da ke shekarar ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta zai shigo, a buɗe masa jerin ayyukan bincike da wasu suka riga suka yi, ya zaɓa, a canja suna da sunan makaranta, a buga a ɗaure da baƙin bango. Wani lokaci har a manta ba a goge sunan garin mai aikin na asali ba. Ya fita da takardar shaida, amma in ka ba shi kwamfutoci biyar ka ce ya haɗa su su yi magana da juna, sai gumi. A sakandare kuwa, tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, amma har yau akwai yaran da sai ana saura kwanaki kaɗan suke fara taɓa madannai, alhali a wasu makarantun kwamfutocin suna kulle a ɗaki, an lulluɓe su da zane, ana jiran ranar da baƙi za su zo. A 2024 kuma mun ga samari majiya ƙarfi sun wuni suna dangwala gilashin waya a wasan Hamster Kombat da sunan haƙar kuɗi, da yawansu abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Watannin nan da an zuba su a koyon sana'a ɗaya, da yanzu ana cin abinci da ita.

Ba mu da uzurin cewa ba mu san muhimmancin abin ba. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗandume, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Masu POS suka rufe, ciniki ya koma sai kuɗi a hannu a lokacin da ɗaukar kuɗi a hanya ya fi kowane lokaci haɗari, mai son jin lafiyar ɗansa sai ya shiga mota ya nufi inda sabis yake. Mun ɗanɗana, mun ji. Duk da haka ana samun masu satar batir da man dizal a gindin ƙarfen sabis, da masu haƙa da ke datse igiyar faiba su wuce abinsu, har ta kai a 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke ba kariya ta musamman. Wanda ya sayi batirin sata da araha, shi ne gobe zai tsaya yana zagin kamfani don kuɗinsa sun maƙale.

Saboda haka ga nasihata. Iyaye, mu daina tambayar yaro wace takarda ya samo, mu fara tambayarsa me ya iya, ya nuna mana. Uban da ya biya kuɗi aka rubuta wa ɗansa jarrabawa, shi ya fara yayyafa wa audugarsa ruwa. Malamai, ku zura hannu har ƙasan buhu. Ɗalibin da ya kawo manhaja, ku sa ya kunna ta a gabanku, ku ce ya canja layi ɗaya ya bayyana dalili. Minti goma sun isa a gane mai aiki da mai saye. Ku buɗe ɗakunan kwamfutar nan, gara ta lalace a hannun yaro da ta ruɓe a ƙarƙashin zane. Iyayen gidan sana'a, ku dawo da yaye na gaskiya. Ƙungiyoyin masu gyaran waya suna iya tara kuɗin wata-wata, to suna iya kafa sharaɗi cewa ba mai buɗe shago sai dattawan sana'ar sun gwada shi.

Ku kuma matasa, shirye-shiryen horo irin su 3MTT ƙofa ce, kuma ku shige ta, amma kwas na 'yan watanni ba ya mai da mutum gwani. Lissafi da kimiyyar lantarki da kuke gudu a aji, su ne ƙashin bayan duk abin da ke cikin wayar da ke hannunku. Ba sai kun je Ingila za ku ga yadda ake aikin haƙuri ba. Samaru tana nan kusa da mu, inda masu bincike na cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello ke gwada iri damina bayan damina, a wurare daban-daban, kafin a yarda a sake shi ga manomi da sunan SAMMAZ ko SAMCOT. Matsalolin da ke jiran mai warwarewa kuwa suna ƙofar gida: ƙauyen da sabis bai kai ba, na'urar da za ta jure zafi da ƙurar hunturu ta yi aiki da hasken rana, hanyar da manomin Ƙafur zai san farashin kasuwar Dawanau kafin ɗan kasuwa ya taya masa. Wanda ya warware ɗaya daga ciki har ta yi aiki, hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen yin rajista. Sai dai ku sani, dokarmu ta mallakar ƙirƙira ta 1970 ba ta ɗora wa magatakarda binciken sabuntar dabara ba, tsarin takardu kawai yake dubawa. Don haka takardar Abuja kaɗai ba hujja ba ce. Hujjar ita ce abin ya yi aiki a hannun wanda bai san ka ba.

Addininmu ya yi tsanani a kan tauye mudu, kuma mai karɓar kuɗin aikin da bai iya ba mudu ya tauye, ko da riga mai guga ya sa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya ba yankinmu zaman lafiya.