Fita da Matarka da Yamma, Almubazzaranci Ne?

Ɗan'uwa, yaushe rabonka da fita da matarka, ku biyu kaɗai, ba don sujada ko jana'iza ba? A Accra mutum yakan kwana a addu'ar dare har asuba, amma awa biyu tare da matarsa sai ya ce ɓata lokaci ne.

Za ka ce babu kuɗi. Gaskiya ne, manyan gidajen abinci na Osu suna da tsada, kuma cin bashi don burge mace wauta ce. To, amma kelewele mai zafi a bakin titi nawa ne? Ku hau trotro zuwa Jamestown kafin rana ta faɗi, ku sha iskar teku, ku kalli kwale-kwalen masunta.

A Farawa sura 26, sarki Abimelek ya leƙa ta taga, ya ga Ishaku yana wasa da Rifkatu, nan take ya gane matarsa ce. Ka lura, yunwa ce ta kai su ƙasar, duk da haka ba ta hana su wasa ba.

In kun fita, wayarka ta zauna a aljihu. Zancen kuɗin makarantar yara ya jira gobe.