Amanar Hoto da Hukuncin Taƙaitawa

Lokacin da mutanen Damari, ta ƙasar Birnin Gwari, suka yi hijira a shekarar 2022 saboda ta'adin 'yan bindigar daji, akwai wanda bai tsira da kome ba face wayar aljihunsa, wadda a cikinta hoton takardar gona yake, da fuskar mahaifin da ya rasu, da shafukan littafin da aka gada. To, duk wanda ya yi niyyar tara irin waɗannan hotuna a rumbun kwamfuta, mas'ala guda za ta tare shi: hoto yana da nauyi, rumbu kuwa yana da iyaka.

Hoto mai ɗigo miliyan 12, in an bar shi ba a matse shi ba, yakan kai megabayit 36. Amma tsarin JPEG, wanda aka tabbatar a 1992, yakan mayar da shi kamar ushirinsa, ta hanyar zubar da abin da aka ƙaddara ido ba zai lura da rashinsa ba. Abin da aka zubar ɗin nan ba ya dawowa har abada.

Malaman hadisi sun riga mu cin karo da irin wannan mas'ala ta taƙaitawa. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya kawo saɓanin magabata game da taƙaita hadisi, kana ya rinjayar da halacci ga masani kaɗai, da sharaɗin abin da aka bari ba shi da alaƙar da za ta sauya ma'anar abin da aka ruwaito. Ni a ganina, nan gizo ke saƙa, domin na'ura ba masaniya ba ce: ba ta san cewa a rubutun Magaribi, wanda almajiranmu ke yi a allo, wurin zaman ɗigo ɗaya ke raba fa'un da ƙafun ba, balle ta ji tsoron shafe shi, ko ta tausaya wa marayan da haƙƙinsa ke rataye da wani dusasshen hatimi.

Saboda haka ma'abota fannin adana hotuna a kwamfuta sukan ajiye asali a ma'aji dabam, rumbu ya riƙe adireshinsa da ƙaramin kwafi don bukatar yau da kullum, tamkar yadda mai karatun Muhtasar na Shehu Halil ba ya wadatuwa da barin sharhi. Hoton walima, a matse shi ba laifi. Takardar gado kuwa, wadda wata rana alƙali zai nema, ban ga hujjar wanda ya taɓa asalinta ba, ko da rumbun ya cika.