Tsohon Laifi Da Sabuwar Ƙarya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ga wata tambaya: mutumin da ya taɓa tuƙa mota cikin maye, sa'an nan ya tuba, shin ya halatta ya ɓoye wannan laifi ranar da za a ba shi amanar asirin ƙasa?

A ƙasar Amurka, wanda aikinsa zai kai shi ga asirin gwamnati yakan cika wata doguwar takarda mai suna SF-86. A ciki ana tambayarsa ko an taɓa tuhumarsa da laifin da ya shafi giya, komai daɗewarsa. Dokokin tantancewar da suka fara aiki a 2017 sun ƙunshi babi 13, ɗaya a kan shan giya, wani kuma a kan halin mutum da gaskiyarsa.

Abin lura shi ne, kamu ɗaya da aka yi shekaru masu yawa ba lalle ne ya hana mutum samun izini ba. Masu hukunci sukan duba tsawon lokacin da ya wuce, da ko laifin ya maimaitu, da ko mai shi ya amsa kuskurensa ya nemi magani. Amma wanda ya ɓoye da gangan, to, ya ɗora sabon laifi a kan tsoho, har dokarsu ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga mai yi wa hukuma ƙarya. Dalili kuwa a fili yake: mai abin ɓoyewa yana da igiya a wuya, duk maƙiyin da ya gano sirrinsa zai iya jansa da ita har ya tona asirin ƙasa.

Wani zai ce, ai Musulunci ya yi umurni mutum ya rufa wa kansa asiri. Haka ne, amma akwai bambanci. Rufin asiri shi ne kada bawa ya yi tallan zunubin da Allah Ya lulluɓe masa, a inda haƙƙin kowa bai rataya ba. Idan kuwa mai haƙƙin tambaya ya tambaya domin amanar jama'a, musun abin da ya faru yaudara ce. Wanda ba ya son buɗe tsohon ciwo yana da hanya mai tsabta, watau ya haƙura da neman aikin. Malaman fiƙihu ma sun bayyana cewa ana karɓar shaidar wanda ya tuba idan gyaruwarsa ta tabbata, amma ba su yarda da shaidar maƙaryaci ba.

Maye laifin jiya ne, tuba da shekaru suna iya wanke shi. Ƙarya kuwa laifin yau ce, ita ke nuna halin mutum a ranar da ya miƙa hannu zai karɓi amana. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Allah Ya sa a dace, amin.