Shaidar Na'ura

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutane, a ofis da kasuwa da teburin mai shayi, watau wai kwamfuta ba ta kuskure. Masu faɗinta ba da mugun nufi su ke faɗi ba. Yawanci hira ce kurum ta kan kawo ta. Wani ya ji labarin sabuwar na'ura a rediyo, ya ba abokansa, a yi ta mamaki, sa'an nan wani ya rufe zancen da cewa, "Ai ita ba ta san ƙarya ba." Kowa ya gyaɗa kai, a shiga wani zance. Ba mai tsammanin magana irin wannan tana da nauyin da za ta kai mutum gidan kurkuku. Amma ta kai, ba mutum ɗaya ba kuwa.

Abin da ya ƙara wa maganar nan ƙarfi shi ne labarin wasanni. Turawa suna da wata irin dara mai gida 64, suna kiranta ces, sun ɗauke ta ma'aunin kaifin hankali. A cikin watan Mayu na 1997 wata na'ura ta kamfanin IBM, mai suna Deep Blue, ta kara da Garry Kasparov, wanda a sa'an nan ba kamarsa a duniya. Aka yi wasa 6, ta ci 2, ya ci 1, sauran 3 aka yi kunnen doki. A cikin Maris na 2016 kuma wata, wai ita AlphaGo, ta gamu da Lee Sedol, mutumin Koriya, a wata dara ta ƙasashen Gabas da a ke kira Go, ta cinye shi sau 4 cikin 5. Labari ya gama duniya. 'Yan hira suka riƙe huɗun nan, suka manta da ɗayan. Ga shi kuwa a wasa na huɗu mutumin ya sa dutsensa inda na'urar ba ta zata ba, ta rikice, ta yi ta jefa nata barkatai, har dai ta sallama.

To, ko da a ce ba ta taɓa faɗuwa ba, dara daban, aikin ofis daban. Gidajen dara ƙidayayyu ne, dokokinta ba su sakewa, kuma kome a fili ya ke, 'yan wasa suna gani, 'yan kallo suna gani. In na'ura ta yi wauta nan take kowa zai shaida. A ofis kuwa wuta ta kan ɗauke, waya ta kan yanke ana tsakiyar aika lissafi, allo ya kan daskare. Na'ura ba ta yin kome sai abin da aka rubuta mata ta yi, masu rubutawar kuwa 'yan Adam ne, suna gajiya, suna mantuwa, suna gaggawa don kada lokacin da aka yanka musu ya wuce. In suka yi kuskure, ita za ta bi kuskuren nan da gaskiya da himma, sau dubu, ba ta ko ƙifta ido.

Abin da ya auku ga Gidan Waya na Ingila ya isa misali. A can akwai ƙananan gidajen waya dubbai cikin ƙauyuka da unguwanni. Masu riƙe da su yawanci masu ɗan kanti ne, suna sayar da kan sarki, suna biyan tsofaffi fansho, mutanen gari sun san su, sun amince da su. A wancan lokacin sharaɗin aikinsu shi ne in kuɗi ya yi giɓi su cika daga aljihunsu. A 1999 aka fara raba musu wata na'urar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya ke kula da ita. Ba a daɗe ba sai giɓi ya fara bayyana inda babu giɓi. Wata mata ta ga na'ura ta nuna babu kamar fam 2,000, ta buga waya ofishin taimako, aka gaya mata abin da za ta danna, ta danna, kuɗin ya ninka a gaban idonta. A wani gari na Sikotilan, wai shi Dalmellington, allo ya daskare, mai aiki ya yi ta danna maɓalli yana zaton bai shiga ba, ashe kowace dannawa na'ura sake rubuta kuɗin ta ke yi, har giɓin ƙarya ya kai fam 24,000.

Da yawa cikin waɗanda suka kai kuka an ce da su su kaɗai ne ke da wannan matsala. Wannan ita ce muguntar da ta fi kowace. Mutumin da aka gaya wa shi kaɗai ne, ya kan koma yana zargin kansa, ko matarsa, ko yaron kantinsa. Waɗansu suka jinginar da gidajensu suka biya kuɗin da ba su ci ba. Waɗansu aka nuna musu in sun amsa laifin ɓata lissafi za a janye ƙarar sata, suka amsa don tsoron kurkuku. Daga 1999 zuwa 2015 an yanke wa mutum fiye da 900 hukunci bisa lissafin na'urar nan, fiye da 200 aka ɗaure. Har da mace mai ciki a cikinsu, a 2010. Wani mutum da ya ƙi biyan kamar fam 25,000, aka kai shi kotu, ya faɗi, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam 321,000, ya tsiyace.

A nan ne tambaya ta ke. In maganar mutum ta saɓa da ta na'ura, wace za a ɗauka? Kowa ya san yadda a ke yi a gaban alƙali tun kaka da kakanni. Mai ƙara shi ne zai kawo shaidu. Shaidun kuma ba a karɓarsu haka nan, sai an binciki adalcinsu, an tambayi wanda a ke ƙara ko yana da suka. In shaida ɗan gidan mai ƙara ne, ko yana da rabo cikin abin da a ke jayayya a kai, maganarsa ta raunana. Lissafin na'ura kuwa ba hukunci ba ne, shaida ne kurum. Wannan shaida ta Horizon a gidan mai ƙara ta ke kwana, shi ke ciyar da ita, shi kaɗai ya san cikinta. Ba ta rantsuwa, ba ta jin kunya, ba a iya tsare ta da tambaya. Duk da haka dokar Ingila, tun da aka soke wani sashe nata a 1999, ta ɗauka na'ura lafiya ta ke aiki sai in wanda a ke ƙara ya nuna akasin haka. Watau an juya shari'a, an ce mai ɗan kanti ya kawo shaidar ɓacin abin da ba a yarda ya leƙa cikinsa ba.

Tsohon akawu, da alƙalaminsa da littafinsa, ya fi waɗannan mutane gata. In mai binciken kuɗi ya zo ya ce akwai giɓin sule goma, sai akawu ya jawo ƙullin rasit, su bi shi ɗaya ɗaya, har a gano inda bakwai ta zama ɗaya. In wani ya kankare lamba, wurin ya kan nuna. A Horizon kuwa daga baya ta fito fili cewa ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin kowane gidan waya daga nesa su sake shi, mai gidan wayar bai sani ba. Shekara da shekaru hukumar tana musun haka.

To, laifin wa? Ba na na'ura ba ne, don laifi sai da niyya ko sakaci, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Masu rubuta mata umurni sun yi kuskure, amma kuskure ba abin mamaki ba ne ga mai aiki. Babban laifi yana wuyan waɗanda suka sami labarin ɓacin, suka zaɓi kare sunan na'ura da na hukuma, suka bar mutane cikin kurkuku. Amma fa su ma ba za su iya ba da ba su tarar da ƙasa a jiƙe ba. Lauyoyi da masu taya alƙali shari'a da maƙwabtan da suka daina gaisuwa, duk mutane ne masu zama wurin hira, kuma kowa ya shigo da maganar nan a cikin kansa, wai na'ura ba ta kuskure. Ba wanda ya taɓa auna ta, don ba a ɗauke ta abin aunawa ba. Da ita aka auna mutane.

Kada kuma a zarce a ce na'ura maƙaryaciya ce. Ɓarayi suna nan, kuma ba abin da zai fi musu daɗi kamar a ba su damar cewa kwamfuta ce ta ci. Na'ura ta fi kowane akawu saurin tarawa da ɗebewa. Abin nema kurum shi ne a ajiye ta a matsayin shaida, a buɗe cikinta in an yi gardama, wanda a ke tuhuma kuma ya sami nasa kofin lissafi a hannunsa. Ma'aikacin da talaka ya zo wurinsa da kuka, albashinsa bai fito ba ko kuɗinsa sun maƙale, ya juya masa allo ya ce, "Haka na'ura ta nuna," ya ɗauka ya gama, bai yi kome ba tukuna. Amanar shi aka ba, shi ke karɓar albashi a kanta.

Ana iya yin abin da ya fi haka, an kuwa yi. A cikin Mayu na 2025, da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito a Nijeriya, yara da iyaye suka yi ta kuka. Hukumar JAMB ta bincika, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban jama'a ya ce an sami kuskure wajen na'urori, ya shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas. Ya ɗauki laifin, aka sake musu jarrabawa. An sha wuya, amma cikin 'yan kwanaki aka amsa, ba shekaru ba.

Na Ingila kuwa sai da suka yi shekara 20. Wani mai gidan waya na ƙasar Wales, Alan Bates, wanda aka kora a 2003 don ya ƙi yarda da lissafin da bai gamsu da shi ba, ya yi ta neman 'yan'uwansa. A 2009 suka taru a ɗakin taron wani ƙauye, Fenny Compton, kowa ya ga ashe ba shi kaɗai ba ne. Su 555 suka kai ƙara, a 2019 alƙali Fraser ya tabbatar da cewa Horizon tana da kurakurai masu haddasa giɓin ƙarya. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 rana ɗaya. A cikin Janairu na 2024 aka nuna labarin a telebijin, ƙasa ta ɗauka, majalisa ta yi doka a shekarar nan ta soke hukuncin da aka yanke wa sauran ɗaruruwa. Waɗansu ba su ga ranar ba. Rahoton binciken da Sir Wyn Williams ya fitar a cikin Yuli na 2025 ya ambaci mutum 13 da a ke jin abin nan ne ya sa suka kashe kansu.