Ɗibar Wuta

Gidan da nake haya a Kano ɗaki biyar ne, mita ɗaya. Kowane wata mukan haɗa kuɗi daidai wa daida, a aiki yaro ya sayo kati a loda, in ya ƙare a sake karo-karo. Haka muka zauna shekaru ba a taɓa jin kanmu a kan wuta ba, har na sayi babur mai lantarki.

Larura ce ta sa na saye shi. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ni malamin makaranta ne, kullum ina cin kilomita 25 zuwa da dawowa. Na sayar da tsohon mashin ɗina, na haɗa da kwasar adashi, na kawo wannan. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ruwansa da juyen baƙin mai. Da dare in an kawo wuta sai in jawo waya daga soket ɗin ɗakina in jona caja in kwanta. Awa biyar ya cika.

Bayan wata uku, maƙwabciyata ta tare ni a tsakar gida. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, da kuɗin ƙuli-ƙuli take riƙon jikoki biyu, a ɗakinta kuwa ƙwan fitila ɗaya ne da fanka. Ta ce, "Malam, ko kai ma ka lura katin nan ya daina kai mu ƙarshen wata?" Iyakar abin da ta ce ke nan, ko kallon babur ɗin ba ta yi ba.

Daren nan na ɗauki biro. Batirin nawa bolt 72 ne, amfa 40, wato kusan yunit uku yake sha kafin ya cika, ga kuma ɗan abin da caja ke zubarwa ya zama zafi. Sau goma sha biyu nake cika shi a wata. Yunit 40 ke nan, ko kusa da haka. Cika shi sau ɗaya daidai yake da cajin waya kusan 200. Ashe ɗaki na shida na shigo da shi gidan, ɗakin da ba ya shiga karo-karo, kuma kaso ɗaya cikin biyar na abin da yake sha daga kaskon suyar dattijuwar nan yake fita.

Da farko zuciyata ta nemo mini mafaka, kuma mafakar tana da ƙarfi. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya sanya mutane tarayya a cikin ruwa da ciyawa da wuta. Mu kuma Hausawa da lantarki ya zo mana ba mu ƙirƙira masa sabon suna ba, wuta muka ce. An kawo wuta, an ɗauke wuta, kuɗin wuta. Na tuna ƙuruciyata a ƙauye, yadda mahaifiyata kan miƙo mini tsingaro da sassafe ta ce in je gidan maƙwabta in ɗebo wuta. Ban taɓa ganin an hana ba, ban taɓa ganin an biya ba, ko gaba ake yi tsakanin gida biyu, yaro yakan shiga ya ɗebi garwashi ya fita. Har yau in baƙo ya tashi tafiya da wuri mukan ce masa, sai ka ce ka zo ɗibar wuta. To in wuta ta kowa ce, me ya sa tawa za ta zama abin lissafi?

Na kai maganar zauren malamin da nake ɗaukar karatun Risala a wurinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In ka ɗebi garwashi a murhun maƙwabcinka, tuwonsa ya fasa dahuwa?" Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam." Ya ce, "In ka kunna fitilarka a jikin tasa, tasa ta dushe?" Na ce a'a. Ya ce, "To in ka jona babur, katin yana nan yadda yake?"

Ya yi mini bayanin da na daɗe ina juyawa. Ruwan kogi na kowa ne, amma ɗan garuwa da ya je ya ɗebo ya turo kura cikin rana, ba wanda ya ce kuɗin da ya karɓa haram ne, domin ruwan da aka kamfato aka adana ya zama mallaka. Ciyawar daji ta kowa ce, amma damin da mutum ya yanko ya ɗauko a ka nasa ne. Wutar da malamai suka fahimta daga hadisin ita ce haske da ɗumi da garwashin da ake ɗiba ba a rage wa mai shi komai, wasu kuma suka ce itacen dajin da ba na kowa ba. Abin da ke cikin mitarmu kuwa an saye shi da kuɗin mutum biyar, ana ƙirga shi, yana ƙarewa. Sunan ne ɗaya, hukuncin biyu.

Na je na nemi gafarar mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, na ce zan biya na baya. Da na zo kan dattijuwar sai ta ce, "Haba ɗana, ba komai, ai mun zama ɗaya." A nan ne abin ya fi yi mini nauyi. Mun san wannan "ba komai" ɗin. Mu mutane ne masu kunya da kara, kuma wannan ado ne a gare mu, amma yana da wani gefe mai haɗari: mai ƙarfi yakan ci haƙƙin mai rauni ya wuce da "ba komai" a aljihu kamar rasit. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, malamai kuma sun daɗe suna gargaɗi cewa abin da aka karɓa saboda mai shi ya ji kunyar hanawa ba kyauta ba ne. Matar da ta lura kati ya daina kai wa ƙarshen wata, ta kuma danne kunyarta ta faɗa, ba za a ce ba komai ne a wurinta ba. Na ba jikanta kuɗin a ƙulle na ce ya kai mata na cefane. Washegari na kira mai gyaran wuta ya ɗaura ƙaramar mita a kan soket ɗin babur. Yanzu ƙarshen wata ni ke fara zuba kuɗin abin da ta nuna, sannan a raba saura gida biyar.

Na ɗauka na gama da tambayar. Sai tafiya ta kama ni zuwa Daura, ta'aziyyar wani kawuna.

Daga Kano zuwa Daura ya haura kilomita 100, babur ɗina kuwa in ya yi ƙoƙari yakan kai 80, shi ma in ba a matsa masa ba. Mai mashin ɗin fetur ba ya irin wannan lissafi. In gidan mai ya yi nisa akwai ƴan bumburutu da jarkokinsu a bakin hanya, minti biyu ya wuce. Ni kuwa sai na tsara: in bi ta Ɗambatta, in yada zango a Kazaure awa uku in yi caji. Na baro gida bayan an tashi makaranta, ga iskar hunturu tana dukan ƙirjina, ga buhun gero da na ɗaura a baya, duka biyun suna cin batir. Na isa Kazaure na tarar ba wuta. Na lallaɓa na ci gaba a hankali, ina kallon sandunan caji suna faɗuwa, har ya rage guda ɗaya tana ƙyaftawa, a daidai wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba.

Masallacinsu a bakin titi yake, da farantan sola shida a kan rufi. Na yi la'asar tare da su. A bango kusa da inda nake zaune ga soket, har wani ya jona wayarsa. Aka watse, ya rage ni kaɗai, caja tana cikin jakata. Na tuna labarin da ake bayarwa na Umar ɗan Abdul'aziz, wanda kan kashe fitilar baitulmali ya kunna tasa in hira ta koma kan al'amarin gidansa. Na fita na nemi ladan.

Tsoho ne siriri. Ya ji bayanina, ya zo ya duba cajar, ya tambayi nawa take ja. Na ce kamar wat 700. Ya girgiza kai. "Malam, ka yi haƙuri. Wanda ya sa mana solar nan, don kiran salla da fanka da fitila ya yi wakafinta. Rana ta yi sanyi, abin da ke cikin batir shi zai kai mu asuba. In na ba ka, da me zan tashi mutane?" Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba, domin ina ganin ni ma ina da haƙƙi. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba rabo a zakka, ko da mai arziki ne a garinsu. Suratul Ma'un ta zargi masu hana ɗan abin amfani, irin guga da gatari da tukunya. Bahaushe ma ya ce baƙonka annabinka. Amma tsohon bai hana ni nasa ba. Amanar da ke hannunsa ya ƙi yin kyauta da ita, kuma bai bar ni a nan ba. Ya riƙe mini kan babur muka tura tare zuwa rumfar wani saurayi mai cajin waya da janareta. Yaron ya yi lissafin man da inji zai sha, lita ɗaya da rabi, ya ce in biya wannan kawai. Ladan ya aiko mini da tabarma da fura. Sai bayan isha'i na shiga Daura.

A kan tabarmar nan, muna jiran magariba, ladan ya faɗi maganar da ta sake buɗe mini tambayar. Ya ce da a ce da tsakar rana na zo, da maganar ta canza, domin wajen sha biyu batiran masallaci sun cika, daga nan har rana ta karkata farantan suna shan rana ne a banza, injin da kansa yake rage abin da yake karɓa. "Ranar Allah ce take zuba, ba mazubi," in ji shi.

Wannan ita ce wutar da nake nema tun farko, wadda za a ɗiba tuwon mai gida bai fasa dahuwa ba. Tana nan a kan rufin masallatai da makarantun allo da rijiyoyin burtsatse tun daga Kano har Daura, kullum tsakanin hantsi da la'asar. A ganina wannan rarar ta fi kusa da garwashin mahaifiyata fiye da yunit ɗin mitarmu, kuma hana matafiyi ita abu ne da ya kamata mu ji nauyinsa. Sai dai ba matafiyi ne zai yanke wa kansa wannan hukunci ya jona ba, tunda inbata da wayoyi na masu su ne, kuma suna tsufa da aiki. Masu wakafi ne ya kamata su faɗaɗa niyyarsu. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina daga hannun mai sayar da ruwanta ya bar wa jama'a. Kakanninmu sun ajiye randa da moɗa a ƙofar gida saboda mai wucewa, sun gina zango saboda fatake. Ban ga abin da zai hana mai sa wa masallacin bakin hanya sola ya ƙara faranti biyu da soket ɗaya a waje ba, ya ce wannan na matafiyi ne.

Da zan dawo bayan kwana uku, na daidaita tafiyata na iso ƙauyen wajen sha biyu da rabi. Ashe ladan ya riga ya kai maganar wurin liman, liman kuma ya buga wa ɗan mai wakafin waya, aka ce in dai da rana ne kuma batir ya cika, a ba baƙo. Tsohon ya jawo doguwar waya ta taga ya jona mini da hannunsa, ya tsaya gaban inbata yana kallon lambobin, bai matsa ba sai da ya tabbatar ba su sauka ba. Muka yi azahar fankoki na juyawa. Wajen uku saura ya leƙa rufi, ya dubi inuwar bango, ya ce, "Malam, ya isa haka, rana ta fara juyawa." Na cire cajar, na naɗe wayar na miƙa masa. Sanda huɗu cikin biyar, kuma Kano na gabana.