MOTAR KARA BA TA KAI KOWA KASUWA

Jama'a, akwai wata tambaya da nake so in baje a faifai mu duba tare. Mutumin da ya zauna kwana uku ko mako guda yana ƙera 'yar mota wadda ba ta wuce tafin hannu biyu ba, wadda ba za ta ɗauki ko tiya ɗaya ta gero ba, balle ta kai wani kasuwa, shin ɓarnar lokaci ya yi, ko kuwa wani abin kirki ya yi? Kada mai karatu ya yi saurin cewa ai wannan zancen yara ne. Amsar da mutum ya bayar ita za ta nuna abin da zai yi ranar da ya shigo gida ya tarar da ɗansa zaune cikin tarkacen kara da gwangwani: ko ya sa ƙafa ya take, ko ya tsuguna ya duba.

Mu nan Darini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, duk wanda ya tashi namiji ya san lokacin wannan sana'a. Da kaka ta yi, an yanke dawa, kara ya bushe, to garejin yara ya buɗe ke nan. Sai yaro ya zaɓi kara mai kauri, ya ɓare bayansa da haƙori ko da tsohuwar reza, ya tsaga shi siri-siri, ya yanyanka farin cikin gutsi-gutsi, ya riƙa soka wannan cikin wancan har bodi ya tashi. Taya kuwa, ko a yanko ta daga tsohon silifa, ko a goga sakaina a dutse har ta zama zagayayya. Wanda ya fi ƙwarewa sai ya wuce zuwa motar gwangwani ko ta langalanga, ya lanƙwasa waya ya yi mata dogon sitiyari yadda zai riƙa tuƙi yana tsaye, yana kukan inji da baki, ƙanensa na biye da shi a matsayin karen mota. Da gingimari mai bodin katako, da a-kori-kura, da tifa, da Pijo, ba wadda ba a yi. Duk motar da ta taɓa shigowa ranar kasuwar Batsari, kafin mako ya zagayo an haifi ƙanwarta a bayan gari.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, a ƙasashen Turai da Amurka da Japan wannan abu ba na yara kaɗai ba ne. Akwai magidanta masu furfura da suka riƙe shi abin debe kewa. A Ingila an fara fito da ƙananan motocin ƙarfe masu suna Matchbox a 1953, a Amurka kuma aka fito da Hot Wheels a 1968. Akwai kuma kamfanoni irin su Tamiya na Japan da ke sayar da mota a wargaje cikin kwali, gutsattsarin roba rututu, mutum ya zauna ya harhaɗa da gam, ya goge, ya yi fenti da hannunsa. Gwanaye a cikinsu har wayoyin filogi suke sa wa injin, su yi wa kujera ɗinki, su zana lambobin da ke jikin agogon gudu, sannan su rufe bonet a kai. Wato dai wani aikin in ba su suka buɗe maka ba, har abada ba za ka san yana nan ba. Riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

To bari mu fara ba masu suka haƙƙinsu, don suna da abin faɗa. Dattijo zai ce maka, "Kai malam, mi za a ci da wannan tarkace? Ga awaki ba a kai kiwo ba, ga ruwa ba a ɗebo ba, allonshi na can jingine, shi yana nan yana yanke yatsu da kara." Wallahi ba ƙarya ya yi ba. A gidan talaka hannun yaro ma hannu ne, kuma kama da wane ba ta wane: motar kara ko ta kai ina wajen kyau, ba a yi mata lodi. In babba ne kuma ya shiga sayen na kanti, yana iya zuba kuɗin cefane a kan abin da zai ajiye bisa kanta yana kallo. Na yarda da duk wannan. Sai dai ina ganin masu sukar sun tsaya ga motar, sun manta da mai ƙera ta. Ni kuwa tambayata ita ce, wane irin mutum ne ke tashi daga wurin bayan an gama?

Abu na farko da yaron nan ya koya shi ne kallo. Mu manya mota muke shiga kullum, amma a tambaye mu taya nawa ke bayan gingimari, ko ta wane gefe tankin mai yake, sai mu hau kame-kame. Shi kuwa mai motar kara ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta lokacin da ake loda buhuna, ya ga yadda aka jera sifirin, ya ga inda aka rataye safaya, ya ƙirga katakon bodi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai ba shi maki. Son abin ne ya buɗe masa ido. Duk wani mai sana'a, daga maƙeri har likita, da irin wannan ido yake cin abinci.

Abu na biyu shi ne ma'auni. Masu wannan aiki a waje suna da ƙa'ida da suke rubutawa kamar haka: 1:18, ko 1:24, ko 1:43, ko 1:64. Ma'anarta ita ce sau nawa aka rage girman motar gaske. Ɗauki Pijo 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975. Tsawonta wajen mita huɗu da rabi ne. In aka rage ta sau 18 sai ta dawo santimita 25, in kuma sau 64 ne sai ta dawo wajen santimita 7. To ga inda maganar take: in ka rage bodi sau 18, dole ka rage taya sau 18, da ƙofa, da madubi, da fitila. Ba ka da ikon ka fifita wani sashe don shi ka fi so, ko ka tauye wani don yana da wuyar yi. Da ka yi haka, ko jariri ya kalla zai ce wannan ba Pijo ba ce. Yaran ƙauyenmu ba su san 1:18 ba, amma sun san dariyar da ake yi wa wanda ya sa wa a-kori-kura tayar tirela. Ashe kuwa tun a nan yaro ya fara sanin cewa mudu ɗaya ake auna wa kowa da shi. Mene ne adalci in ba wannan ba?

Abu na uku, wanda shi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami, shi ne aikin da ba a gani. Na ce a riƙe maganar mutumin da ya sa wa inji wayoyi sannan ya rufe bonet. A wurinmu ma akwai irinsa. Za ka ga yara biyu sun yi mota iri ɗaya daga waje, amma in ka leƙa ta taga sai ka tarar ɗaya ya yi kujerar direba da giya da birki, ɗayan kuwa cikin fayau. Ka tambayi na farkon, "Kai, wa zai ga wannan?" Sai ya dube ka da mamaki ya ce, "To ai mota tana da shi." Ka ji amsa! Bai ce don a yaba masa ba, bai ce don a saya ba. Abin haka yake, don haka shi ma haka zai yi shi. Wannan ita ce amana tun tana jaririya.

Ɗan'uwana mai karatu, dubi yawancin abin da ke damunmu a ƙasar nan, za ka ga a wurin da ido ba ya kaiwa aka yi ha'incin. Magini ya rage siminti a harsashi ya shafe waje sumul. Tela ya yi wa riga aiki a wuya ya bar aljihu a ɓarke. Mai hatsi ya sa mai kyau a bakin buhu, tsakuwa a gindi. Ni kaina an taɓa canza wa motar hayar da muka shiga taya, mai gyaran ya ɗaure noti uku ya bar sauran a kwance don yana sauri, ya mayar da murfi ya rufe. Ba mu yi nisa ba tayar ta kama rawa, Allah dai ya sa direban ya ji a hannunsa ya tsaya, da yanzu wani labarin ake yi. Mutumin nan ya iya aikinsa sarai. Abin da ya rasa shi ne ɗan abin nan da ke hana yaro barci don bai sa wa motar kara giya ba.

Waɗanda suka ci gaba a ƙere-ƙere sun daɗe da gane wannan. A Amurka, kamfanin General Motors ya ɗauki nauyin wata gasa mai suna Fisher Body Craftsman's Guild daga 1930 zuwa 1968, inda samari ke ƙera ƙananan kekunan doki, daga baya kuma ƙananan motoci, waɗanda suka yi fice a ba su tallafin karatun jami'a. Da yawa daga cikinsu sun zama masu zana motocin gaske. Har yau kuma manyan kamfanoni sukan fara sassaƙa siffar sabuwar mota da wani irin yumɓu kafin a taɓa ƙarfe. Mu ma muna da namu abin nuni. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda tun yana yaro yake son zanen mota, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ya koyi zanen motoci, ya kama aiki da General Motors, kuma shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya.

Amma kada a ce na ce kowane mai motar kara zai zama Jelani. Ina! Mafi yawansu manoma za su zama, da direbobi, da 'yan tireda, da malaman makaranta. Ribar ba sai an je Amurka ake cinta ba. Manomin da ya saba da gama aiki har inda ba a gani, shi ne zai yi noma tsakani da Allah ko mai gona ba ya nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sau da yawa wasa ne ke yin tanƙwarar, ba bulala ba.

Iyaka kuwa tana nan, kamar yadda take ga kowane abu. In mota ta hana yaro salla ko karatu ko aiken uwarsa, to a tsawata masa, a yanka masa lokaci. In babba ne ya bar iyali da yunwa ya tara motocin kwali, to wannan ya koyi ma'auni a kan roba ya kasa aiki da shi a gidansa, karatun bai shige shi ba ke nan. Tsawatawa daban, takewa daban. Wanda ya sa ƙafa ya murƙushe aikin kwana uku a gaban yaro, darasin da ya koya masa shi ne wahalar da aka sha wajen kyautata abu ba ta da wata daraja. Ranar da yaron nan ya girma ya bar noti a kwance, kada a tambayi inda ya koyo.

Akwai kuma wani dalili da ya sa maganar ta fi nauyi a wannan yanki namu na bakin dajin Rugu. Hannun yaro madubi ne, abin da ido ya gani shi yake ƙerawa. Ba wanda ya manta abin da ya faru a Tsauwa da Ɗankar cikin watan Fabrairu na 2020, ko kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar wannan shekara. A 2021 har sai da gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni irin na Batsari da Safana, ta hana manyan motoci ɗaukar shanu, aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci. Yaron da ya buɗe ido cikin waɗannan shekaru, me ya fi gani, me ya fi jin ana labarinsa? Karan da ake motar da shi, da shi ake yin bindigar wasa, ita kuwa ba ta cin ko minti biyar, ba ta neman awo, ba ta neman haƙuri. Saboda haka duk yaron da ka gani a yau ya zaɓi ya zauna ya yi motar ɗaukar buhuna zuwa kasuwa, to ka sani yaron nan zaman lafiya yake ƙerawa, ko da shi bai san sunan abin ba.

Shawarata ga iyaye da yayye da malamai ita ce, in kun tarar da shi a kan aikin, ku tsuguna ku karɓi motar ku jujjuya ta kamar mai saye. Ku tambaye shi, "Ina safayarta? Ina madubin gefe? Ya na ga tayar gaba ta fi ta baya?" Za ku ga ya ƙwace ta da sauri ya koma gyara, gobe ya kawo muku ita cikakkiya. In akwai tsohon silifa ko gwangwanin madara, a ajiye masa. In ya kai munzali kuma hannunsa na nan a kan abin, a kai shi wurin bakanike ko mai walda mai gaskiya, ba tare da an raba shi da makaranta ba.

Motar kara dai ba ta kai kowa kasuwa, wannan gaskiya ne. Amma wanda zai ɗaure tayar motar da za ta kai ka, yau yana can gindin rumbu da reza a hannu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu amana a fili da ɓoye, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Ruma da Nijeriya baki ɗaya, amin.